Wanshan: Ramin Zaiba a Kan Tudu, Gonar Shinkafa a Kwari

A watan Oktoba na shekarar 2001 aka rufe babbar mahaƙar zaiba ta gwamnati da ke Wanshan, a gabashin lardin Guizhou na ƙasar Sin, dab da iyakar lardin Hunan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jan dutsen da ake ƙonawa a fitar da zaibar ya kusa ƙarewa, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya, bashi kuma ya yi wa kamfanin katutu. Dubban ma'aikata suka wayi gari babu inda za su nufa. Wannan ɓangaren labarin an sha ba da shi, har an gina masa gidan tarihi. Ɓangaren da ya fi damuna shi ne na mutanen da akasarinsu ba su taɓa karɓar albashin kamfanin ba, wato manoman da ke ƙasan tudun, waɗanda ruwan da suke ba shinkafarsu sai ya ratsa ta tarin tokar mahaƙar kafin ya iso gare su.

Sai an san yadda ƙasar take kafin a gane matsalar. Tsohon garin Wanshan yana kan tudu ne, a tsakiyar duwatsu masu kogo da ramuka, inda ruwan sama ke haura milimita dubu a shekara. Daga tudun ƙoramu ke gangarowa ta kwaruruka masu zurfi, kowane kwari da ƙauyukansa da gonakin shinkafarsa hawa-hawa. Aozhai, Xiaxi, Huangdao, Gaolouping: waɗannan sunayen yankunan karkara ne da ke kewaye da garin, kuma kowannensu a hukumance yankin ƙabilar Dong ne. Ruwansu yana ƙarewa a kogin Yuan, daga nan tafkin Dongting, daga nan kogin Yangtze.

Mutanen Dong, waɗanda ke kiran kansu Kam, sun kusa miliyan uku da rabi a ƙidayar 2020, kuma mafi yawansu suna zaune ne a inda lardunan Guizhou da Hunan da Guangxi suka haɗu. Wanda ya taɓa ganin hotunansu zai tuna dogayen hasumiyoyin katako da ake ajiye ganga a ciki, da gadoji masu rufi, da waƙar taron da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2009. To, duk wannan na Dong ɗin kudu ne, na su Liping da Congjiang da Sanjiang. Wanshan tana cikin Dong na arewa, waɗanda suka daɗe da cuɗanya da 'yan ƙabilar Han, mafi rinjaye a Sin, har da yawansu Sinanci suke yi a gida. Abin da na kudu da na arewa suka yi tarayya a kai shi ne shinkafar ruwa. Ita ce abincin safe da rana da dare, kuma a kan tsarin raba mata ruwa zaman ƙauyen ya ginu.

Yadda tudun ya zama kamfani

Haƙar jan dutse a nan tsohuwar sana'a ce. Ana amfani da shi wajen yin jan fenti da tawadar hatimi da magungunan gargajiya, ana kuma ƙona shi a samu zaiba. Tun farkon daular Ming, a ƙarshen ƙarni na 14, gwamnati ta kafa ofishin da ke kula da haƙarsa a Wanshan. A 1899 wani kamfanin Ingila da Faransa ya samu izinin aiki a wurin, ya yi kimanin shekara goma yana kwasa. Bayan 1949 sabuwar gwamnatin kwaminis ta karɓe ramukan ta mayar da su kamfanin ƙasa, ƙwararru daga Tarayyar Sobiyet suka zo, ginin da aka saukar da su yana nan tsaye har yau.

Ganiyar Wanshan ta zo ne a daidai lokacin da sauran ƙasar ke cikin matsi. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 mahaƙar ta yi ta fitar da sama da tan dubu a shekara, ana fitar da zaibar waje don biyan bashin da Sobiyet ke bin Sin. Saboda haka aka yi mata laƙabi da zaibar kishin ƙasa, laƙabin da ake dangantawa ga Firayim Minista Zhou Enlai. A 1966 aka ware Wanshan ta zama yanki na musamman mai matsayin gunduma, don kawai a sauƙaƙa tafiyar da mahaƙar. Kamfanin yana da asibitinsa da makarantunsa da gidan siliman sa, kuma mutanen kewaye suna kiran garin ƙaramar Hong Kong. Ramukan da aka haƙa a ƙarƙashin duwatsun, in an haɗa tsawonsu, sun kai kimanin kilomita 970.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Shi jan dutsen, zaiba ce haɗe da farar wuta. A fasa shi, a zuba a murhu, a ba shi wuta mai tsanani; farar wutar ta ƙone, zaibar ta tashi a matsayin tururi, a bi da tururin ta bututu mai sanyi ya koma ruwa mai nauyi da sheƙi. Matsalar ita ce zaibar da ke cikin dutsen 'yar kaɗan ce, yawanci ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kafin a samu tan ɗaya sai an ƙona ɗaruruwan tan na dutse. A rabi na biyu na ƙarni na 20 Wanshan ta ba da zaiba kimanin tan dubu 20, ta kuma bar ƙonannen dutse da ɓaraguzai fiye da tan miliyan 100. Ina aka kai su? Bakin rami, gefen dutse, kan ƙorama, duk inda keken ƙarfe zai iya juyewa. Ƙonawar ba ta fitar da zaibar duka, kuma wadda ta rage a cikin tokar ta fi saurin narkewa a ruwa fiye da wadda ke cikin ɗanyen dutse.

Akwai wani abu na tsarin mulki da ya raba mutanen tudu da na kwari. Daga 1958 Sin ta kasa jama'arta gida biyu a rajistar iyali: masu rajistar birni da masu rajistar noma. Ma'aikacin mahaƙa, ko daga wane lardi aka kawo shi, yana da albashi da katin rabon hatsi da asibiti da fansho. Manomin Aozhai ko Xiaxi yana da gonarsa, abin da ta ba shi kuma shi zai ci. Ma'aikaci ya sha tururin zaiba, ba wanda zai raina wahalarsa: rawar hannu, kumburin dasashi, zubewar haƙora, ƙurar dutse a huhu. Amma sunansa yana cikin littafin kamfani, kuma da aka zo rufewa da shi aka yi lissafin sallama, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba. Manomi ba ya cikin kowane littafi.

Abin da aka gano a cikin ƙwayar shinkafa

Tun daga bala'in Minamata na ƙasar Japan, inda mutane suka kamu da gubar zaiba ta hanyar cin kifi, wanda aka gano a 1956, duniya ta ɗauka cewa mafi munin nau'in zaiba, wanda masana ke kira metilmakuri, ta kifi yake shiga jikin mutum. Yawancin gargaɗin lafiya a kan kifi aka gina shi. Mutanen karkarar Guizhou kuwa ba masu cin kifi ba ne sosai, don haka aka yi zaton sun tsira.

A 2003 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Milena Horvat, 'yar ƙasar Sulobeniya (ƙasar da ita ma ke da tsohuwar mahaƙar zaiba a Idrija), ta wallafa awon da ta yi a Guizhou. A wani samfurin shinkafar Wanshan an samu zaiba maikirogiram 569 a kowane kilo (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), 145 daga ciki metilmakuri ne. Iyakar da dokar Sin ta amince da ita a hatsi maikirogiram 20 ne. Daga nan masanan Cibiyar Nazarin Sinadaran Ƙasa da ke Guiyang, ƙarƙashin Feng Xinbin, suka duƙufa a kan lamarin na tsawon shekaru, suna auna ruwa da ƙasa da iska da shinkafa da gashin kan mutane. A 2010 suka fitar da binciken da ya kwatanta wurare huɗu a lardin: Wanshan, da Qingzhen mai tashar wutar kwal, da Weining inda ake narka tutiya, da dajin Leigong da ba masana'anta. A dukkan wuraren, kashi 94 zuwa 96 cikin ɗari na metilmakurin da ke shiga jikin mutane daga shinkafa yake. A Wanshan kimanin mutum ɗaya cikin uku ya haura mizanin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta gindaya, wato maikirogiram 0.1 a kowane kilo na nauyin jiki a rana. Lissafin ya ɗauki cewa baligi a karkara yana cin kimanin giram 600 na shinkafa a yini, kifi kuwa giram ɗaya da 'yan kai.

Me ya sa shinkafa, ba masara ko kabeji ba, alhali a ƙasa ɗaya ake shuka su? Amsar tana cikin ruwan da ke kwance a gona. Idan aka cika kuyya da ruwa na tsawon watanni, iska ba ta shiga laka, sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a inda ba iska su yi yawa. Su ne ke juya zaibar da ke cikin lakar ta koma metilmakuri. Saiwar shinkafa ta zuƙe shi, ya hau kara da ganye, in ta fara nuna sai ya tattara a cikin ƙwaya. Gonar masarar da ke gefe, wadda ƙasarta ke shan iska, tana iya ɗauke da zaiba mai yawa ba tare da wannan juyin ya yi ƙarfi ba.

Kuma ba a buntu ko a dusa yake maƙalewa ba. Zaibar da ba ta juya ba ita ce ke yawa a bawo, in an kai shanshera inji an cashe an goge, kaso mai kyau yana tafiya. Metilmakuri yana cikin farar ƙwayar ne, manne da furotin ɗinta. Wanki ba ya fitar da shi, dafuwa ba ta kashe shi. Matar da ta wanke shinkafarta sau uku ta tsane ta ɗora a wuta ta yi duk abin da uwarta ta koya mata, kuma abin da ta sauke fari ne tas, ba wari, ba ɗaci.

Kada a wuce gona da iri: Wanshan ba Minamata ba ce. Adadin da aka auna a jikin mutane bai kusanci na masuntan Japan da suka makance ko suka shanye ba. Fargabar ta ɗan tayi ce da jariri, domin metilmakuri yana ratsa mahaifa ya taɓa ƙwaƙwalwar da ke tsirowa, kuma illarsa a wannan mizanin ba ta zuwa da zazzaɓi ko ciwon da za a kai asibiti. Yaro ne zai tashi da ɗan jinkirin fahimta, wanda ba wanda zai iya rantsewa daga ina ya fito. Masu bincike sun ƙara lura da wani abu: mai cin kifi yana samun man kifi da ke taimakon ƙwaƙwalwa ya rage ɓarnar, mai cin shinkafa kuwa gubar kawai yake samu. A ɗaya gefen, ƙasar Wanshan tana da sinadarin seleniyom da yawa, wanda ke ɗaure zaiba ya rage yadda tsiro ke zuƙarta, kuma wannan ya sassauta lamarin a wasu gonakin.

Bayan rufewa

Rufe kamfanin bai kashe wutar murhu nan take ba. A 2001 tulun zaiba mai kilo 34.5 bai kai dala 200 ba. Zuwa 2010 ya haura dala 1,000. Babban abin da ya tura farashin shi ne tashin zinare, domin masu haƙar zinare ta gargajiya a Afirka da Asiya da Kudancin Amurka da zaiba suke kama ƙurar zinaren. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake murza zaiba a cikin kwanon wanke ƙasa a Anka ko Bukkuyum, a matse a ƙyalle, a ƙona dunƙulen a kan garwashi, ya ga ɗaya ƙarshen wannan kasuwar. A ƙauyukan kewayen Wanshan tsofaffin ma'aikata da manoma suka koma tsince a tsofaffin ramuka, suna ƙona dutsen a ƙananan murhunan laka da tukwanen ƙarfe da ke yoyon tururi ta ko'ina. Gwamnati ta haramta, ta sha rushe murhunan.

Daga irin waɗannan wuraren aka samu wani sakamako da ya ba masana mamaki. A ƙauyen Gouxi, inda aka yi wannan ƙonar ta gargajiya, zaibar da ke cikin ƙasar gona ba ta kai ta gonakin da ke ƙasan tsofaffin tarin toka ba, amma shinkafar ta fi tasu metilmakuri. Sabuwar zaibar da ta sauko daga iska ta fi sauƙin juyawa a wurin bakteriya fiye da tsohuwar da ta daɗe ta ɗaure da ƙasa. Ma'ana, ƙaramin murhun maƙwabci da ke ci yau yana iya fin dutsen tokar shekara hamsin ɓarna a tukunyar bana. Ma'ana kuma, auna ƙasa kaɗai ba ya gaya maka wace gona ce ke da haɗari. Sai an auna hatsin.

Taimakon gwamnatin tsakiya ya zo a hankali. A 2009 aka sa Wanshan cikin jerin garuruwan da arzikin ƙasarsu ya ƙare, abin da ya buɗe mata ƙofar tallafi daga Beijin. A 2011 aka soke matsayinta na yanki na musamman, ta zama gunduma a cikin birnin Tongren, daga baya kuma aka mayar da hedikwatarta Xieqiao, kusa da tsakiyar birnin. An gina sababbin gidaje an kwashe iyalan ma'aikata da yawa daga tsofaffin barikokin da ke kan tudu. An yi madatsai a bakin tarin toka, an lulluɓe wasu da siminti da ƙasa an shuka ciyawa, an gyara magudanai don ruwan sama ya daina ratsa su. A 2016, da gwamnati ta fitar da shirinta na yaƙi da gurɓatar ƙasar noma, Tongren na cikin wurare shida da aka zaɓa don gwaji a faɗin Sin.

Abin da aka fi tallatawa shi ne yawon buɗe ido. Tun 2005 aka ayyana wurin a matsayin wurin shaƙatawa na tarihin ma'adinai, sannan wajen 2016 wani kamfani mai zaman kansa ya buɗe tsohon garin ga baƙi. An gyara ofisoshi da kantuna da gidan abincin ma'aikata yadda suke a shekarun 1960, an sa fitilu masu launi a wani sashe na ramukan, an kafa hanyar gilashi a jikin dutse. Sin ta kuma sa wurin cikin jerin waɗanda take neman UNESCO ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, bayan tsofaffin mahaƙun zaiba na Almadén ta Sifaniya da Idrija sun samu shiga a 2012. Ba na raina wannan. Garin da ya mutu ya samu masu sayar da abinci da direbobi da masu gadi, kuma a 2018 aka cire Wanshan daga jerin gundumomin da ke fama da talauci. Sai dai labarin da ake ba baƙo a kan tudu labarin ma'aikaci ne da sadaukarwarsa ga ƙasa. Tikitin shiga ba ya sauya komai a lakar da ke Aozhai.

A kwarin, maganin da ya fi aiki shi ne wanda ya fi ciwo: a daina noman shinkafar ruwa a gonakin da suka fi gurɓata. In ba ruwa kwance, ba juyin zaiba. Saboda haka aka ƙarfafa wa manoma gwiwar komawa noman tudu da amfanin da ba ya tara gubar sosai, da kuma noman da ba ya taɓa ƙasar ma gaba ɗaya. A Aozhai ana noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, a cikin buhunan dusar katako da ake jerawa a rumfa. A Gaolouping an kafa manyan rumfunan leda na kayan lambu da fasahar da aka ɗauko daga Shouguang ta lardin Shandong, garin da ya yi suna a wannan sana'a. A inda ake son ci gaba da shinkafa, masana sun gwada zaɓen irin da ba ya zuƙa da yawa, da zuba gawayin tsiro ko seleniyom a ƙasa, da janye ruwa daga kuyya lokaci-lokaci maimakon barinsa kwance har girbi.

A takarda duk wannan daidai ne. A ƙasa kuwa, manomin da ya ba da hayar gonarsa ga kamfanin rumfa ya zama ɗan ƙwadago a kan filin kakansa, yana karɓar kuɗin haya da na yini, yana sayen shinkafa a kasuwa. Ta fuskar lafiya wannan ci gaba ne na gaske, domin shinkafar kasuwa ta fito daga wurare dabam-dabam, kuma jikokinsa sun fi shi tsira. Ta fuskar wanda ya ɗauki asarar, ba a canza komai ba daga 1958: ribar zaibar ta tafi baitulmalin ƙasa da biyan bashin Sobiyet, kuɗin gyara kuma wani kaso nasa ana biyansa ne da sana'ar mutanen da ba su ci ribar ba. Kuma waɗanda suka fi riƙe 'yar kuyyarsu su ci daga ita su ne tsofaffi da ƙananan yaran da aka bar musu, tunda matasan ƙauyukan, kamar na sauran karkarar Guizhou, sun tafi ci-rani masana'antun Guangdong da Zhejiang.

Zaiba ma ba ta bar Wanshan ba. Sin tana yin mafi yawan robar PVC ɗinta daga kwal, ta hanyar da ke buƙatar wani sinadari mai zaiba don haɗin ya yiwu, kuma wannan ce babbar hanyar da ƙasar ke amfani da zaiba. Ƙwarewar da tsohuwar mahaƙar ta bari ta sa kamfanonin da ke haɗa wannan sinadarin, da masu karɓo wanda ya gama aiki su sake tace zaibar da ke ciki, suka taru a yankin masana'antun gundumar. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan taƙaita zaiba, wadda aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki ranar 16 ga Agusta 2017, ta hana Sin buɗe sabuwar mahaƙar zaiba, ta kuma ba ta zuwa 16 ga Agusta 2032 ta rufe waɗanda suka rage. Idan aka daina haƙa, tace tsohuwar zaiba ce za ta ciyar da masana'antun robar har su samu madadi, kuma kaso mai yawa na wannan aikin a Wanshan ake yinsa. Bayan abin da aka gani a Gouxi game da sabuwar zaibar da ke saukowa daga iska, bututun hayaƙin waɗannan kamfanonin da gonakin da iska ke kaɗawa wajensu su ne wuraren da ya kamata a riƙa aunawa kowace kaka, a kuma gaya wa masu gonakin abin da awon ya nuna.